Wa Zai Tsawata Wa Masu Tsaro?

Dattawan Dutsi da na Daura ba su manta da zamanin 'Yan Doka ba, sa'ad da 'yan NEPU su ke kukan cewa kulkin En'e ba ya sauka sai a kansu. Bayan soja sun karɓi mulki a 1966 aka zuba 'Yan Doka cikin 'Yan Sandan Nijeriya, bisa zaton ma'aikacin Tarayya ba ruwansa da jam'iyya.

To, ga abin da ido ya gani. Ran 20 ga Nuwamba, 2014, bayan Shugaban Majalisar Wakilai, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, ya bar PDP ya koma APC, 'yan sanda suka rufe ƙofar Majalisa a Abuja, suka harba barkonon tsohuwa, har waɗansu wakilai suka riƙa haura ƙofa da manyan riguna. Mulki ya juya, hali bai juya ba. Ran 7 ga Agusta, 2018, mako guda bayan Shugaban Majalisar Dattawa, Dokta Bukola Saraki, ya koma PDP, ma'aikatan tsaro na DSS suka tare wannan ƙofa, fuskokinsu a rufe. A ran nan Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sallami shugabansu, Malam Lawal Daura.

Abin lura shi ne, ba daga Majalisa sallamar ta fito ba. Gaskiya ne sashe na 88 da na 89 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba ta ikon bincike da sammaci, har da takardar kamu. Amma wa zai yi kamun? Galibi ɗan sanda. Cikin 2018 sau uku Majalisar Dattawa ta kira Sufeto Janar Ibrahim Idris, bai zo ba. Ta ce bai cancanci riƙe muƙami ba, shi kuwa ya zauna bisa kujerarsa har Janairun 2019. Kotu ma hannunta ɗaure ya ke, gama sashe na 215 ya hana ta bincika umurnin da Shugaban Ƙasa ya ba Sufeto.

A ganinmu linzamin da ya rage shi ne kuɗi. Kowace shekara shugabannin nan su kan zo da ƙafarsu gaban kwamitocin Majalisa neman kasafi, ba sai an yi sammaci ba. Nan ya kamata wakilin Mashi da Dutsi ya yi tambaya, ko da jam'iyyarsa ce ke riƙe da gwamnati.