Dashe na rana ɗaya ne, raino kuwa sai an shekara uku

Duk ɗalibin da ya tashi a yankin Ɗambatta, Makoɗa ko Kunci ya san bikin dashen itatuwa na watan Agusta. A kafa rumfa, manyan baƙi su zo, yara su jeru da tsirrai cikin baƙar leda, a ɗauki hoto. Ka koma wurin a watan Maris, sau da yawa sai ka tarar da ramuka da 'yan tsinke, awaki sun yi kalaci.

Inda dashe ya rayu, za ka iske akwai masu raino. Galibi kwamitin sa-kai ne a ƙarƙashin dagaci ko mai unguwa, dattawa na ba da baki, matasa na yin aikin. Babu albashi. Su ne ke kewaye kowane tsiro da ƙaya, su ɗauko ruwa a jarka daga tuƙa-tuƙa tun shigowar hunturu har saukar ruwan farko, su kuma lura da gara.

Kano na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Amma kakanninmu sun riga hukuma. Masanin nan na Ingila, Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana bincike a karkarar Kano, ya nuna cewa duk da cunkoson jama'a, manoma ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, saboda kowace kuka da ɗorawa da tsamiya tana da mai ita. Dubi gawo: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

A Maraɗi ma, tun cikin shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a bar masa rassa kaɗan masu ƙarfi su girma. Ba leda, ba ban-ruwa. Ɗan kwamiti na iya koya wa maƙwabcinsa wannan da lauje ɗaya.

Aiki mafi wuya shi ne tsaron burtali, hanyar nan da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa mashaya, mai shingen aguwa ko bini-da-zugu. Kowace damina wani kan ƙara kunya ɗaya ko biyu a cikinsa, har ya tsuke, shanu su faɗa gona, a tashi da rigima. Wanda ya ci burtalin kuma wataƙila baffanka ne. A nan ne yaro ke koyon magana: ba ya tunkarar babba gaba da gaba, sai ya kai wa mai unguwa, a fito da dattawan da suka san tsohuwar iyaka, a sake kafa shinge kowa na gani.

Idan garinku babu kwamiti, ɗalibai biyar sun isa farawa a hutun nan. Ku nemi izinin mai unguwa, ku ɗauki littafi, ku ƙirga dashen bara da ya rage a harabar makaranta da bakin kasuwa, sannan ku raba wa kowa nasa da sunansa.