Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa Kan Gyaran Gindin Jigon Jirgi

A Tafa, bakin titin Abuja zuwa Kaduna, tirela da tanka ake gani, ba jirgin ruwa ba. Amma Jihar Neja sunan kogi take ɗauke da shi, kuma daga Borgu zuwa Mokwa da Katcha jirgin katako shi ne motar kasuwa, shi ne motar biki. Kakanninmu da suka yi tattaki zuwa Makka ta Cadi da Sudan, a Sawakin da yawansu suka shiga jiragen Larabawa masu tafiya da iska suka tsallake Bahar Maliya zuwa Jidda. Rayuwarsu a wannan tsallakawa ta dogara ne ga jigo, dogon itacen da ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke turawa, da kuma ɗan wurin da gindinsa ya zauna. Abin da ke kashe wannan gindi shi ne dai ke kashe falwayar lantarki ta itace a Sabon Wuse, da ƙafar tankin ruwa a Madalla, da haƙarƙarin jirgin fito a Malale. Shi ya sa maganganun da ake yi kan gyaransa suka cancanci a auna su.

Wadda aka fi yarda da ita ita ce, ruwa ne ke ruɓar da itace. Rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ya fi amfani. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani itace a zurfin kusan mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka tono shi, sai ga kwale-kwale na maɗaci mai tsawon mita 8.4, wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. A jiƙe ya yi duk waɗannan shekaru. Haka kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye tun da aka kammala madatsar a 1968, da yawa suna nan da ƙarfinsu, har suna fasa jirage. Abin da ke cin itace ƙwayoyin funfuna ne, su kuma sai da danshi da iska tare suke rayuwa. Itacen da ya nutse gaba ɗaya babu iska, lafiya lau. Wanda ya bushe, danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, shi ma lafiya lau. Wanda ke tsakani, yau jiƙe gobe rabin bushe, a lungun da iska ba ta kaɗawa sosai, shi ne abincinsu. Gindin jigo kuwa daidai nan yake zaune. Ruwan sama yana gangarowa ta jikin jigon ya taru a ramin da aka sassaƙa masa, bakin itacen da aka yanke kuma yana zuƙar ruwa ninkin ba ninkin fiye da gefensa. Duk wanda ya lura da falwayar itace da ta faɗi zai ga ba daga sama ta karye ba, ba kuma can cikin ƙasa ba, daidai inda ƙasa da iska suka haɗu ne.

A kan wannan ne ma masu jiragen teku suke cewa ruwan sama ya fi ruwan gishiri ɓarna ga katako. Wannan gaskiya ce, domin gishiri yana rage wa funfuna kuzari. Jiragenmu na Neja da Kaduna da Binuwai ba su da wannan sauƙi, ruwan daɗi ne a ƙasa, ruwan daɗi ne daga sama.

Sai maganar da ta fi damuna, don ita ce ke sa a yi gyara a inda ciwo ba ya nan. Mutane suna ɗauka iska gefe take tura jigo, saboda haka abin tsoro shi ne ya kife, gindin kuwa in dai bai zame ba shi ke nan. A jirgin da igiyoyi ko wayoyi ke riƙe da jigo daga sama zuwa gefuna, lissafin ba haka yake ba. Duk turin da iska ta yi wa ƙyalle, wayoyin suna juya shi ya koma danniya zuwa ƙasa, jigon yana dukan mazauninsa kamar taɓarya a turmi. A jiragen zamani wannan danniya takan kusanci nauyin jirgin kansa idan iska ta yi ƙarfi. Ƙarfin iska kuma ba daidai yake hawa da gudunta ba: in gudun ya ninka biyu, turin ninki huɗu yake yi. Duk wannan kaya yana sauka ne a wurin da bai fi tafin hannu biyu ba. A tsofaffin jiragen katako jigon yakan ratsa har ƙasa ya zauna kan wani dunƙulen itace da aka gicciya bisa haƙarƙari, don nauyin ya rarrabu. A jiragen fayiba da yawa, a kan rufin yake zama, da wani turke a ƙarƙashi da ke kai nauyin zuwa ƙashin bayan jirgin. Rufin nan ɓawo biyu ne na fayiba da katako mara nauyi a tsakiya. Ruwa ya samu shiga ta ramin waya ko na ƙusa, katakon tsakiyar ya yi laushi, sai rufin ya fara lotsawa a hankali.

Daga nan jita-jita ta gaba take fitowa: in wayoyi sun saki, a ƙara ɗaure su. Waya ba ta cika yin tsawo haka kawai ba. Idan aka ɗaure yau, bayan ɗan lokaci ta sake saki, to mai yiwuwa jigon ne ke nutsewa, kuma kowane ƙarin ɗauri ƙara tura shi ƙasa ne. Sauran alamomin a fili suke ga mai neman su: ruwa yana kwanciya kewaye da gindin, tsaga kanana sun fito kamar ƙafar gizo, ƙofar ɗakin ciki ta fara cijewa. A katako kuwa gwajin bai wuce guduma da sukundireba ba. Lafiyayyen itace yana amsa guduma da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe da murya a dushe, kuma bakin sukundireba yana shigarsa ba gardama ko da fentin sama yana ƙyalli.

"Maigida, a ɗaure shi da ƙarfe kawai, a yi walda, ya wuce wurin." Wannan shawara ana jinta a kowace unguwa, kuma da kyakkyawar niyya ake ba da ita. Ƙarfe yana da wurinsa, amma a kan lafiyayyen itace. Ɗaure ruɓaɓɓen gindi da baƙin ƙarfe ba ya mayar da ƙarfin da ya tafi, sai dai ya ɓoye ciwon, ya kuma riƙe danshi tsakaninsa da itacen. Tsatsa tana kumbura ta fi asalin ƙarfen girma sau da yawa, ta tsaga itacen daga ciki, itacen da ke kewaye da ƙusa kuma ya yi baƙi ya yi rauni. Idan jigon na alminiyam ne matsalar wata ce daban. Alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa, in suka haɗu cikin jiƙa, musamman ruwan gishiri, wata 'yar wutar lantarki takan gudana tsakaninsu ta cinye alminiyam ɗin. Farin gari da ake gani a gindin shi ne shaida. Gyaran da aka saba shi ne a yanke ɗan abin da ya cinye daga ƙasa, a ɗaga mazaunin da dunƙulen abu mai tauri wanda ba ya ruɓa, daidai tsawon da aka yanke don wayoyi su ci gaba da yin daidai, sannan a raba ƙarafan biyu da leda mai kauri ko man da aka yi don haka.

Kwalta da gam ma haka labarinsu yake. Kwalta da tsumma ko auduga suna toshe tsakanin katako da katako, wannan aikinsu ne kuma masu jiragenmu sun iya shi. Amma cewa a malala kwalta ko a lulluɓe da fayiba a kan jiƙaƙƙen itace ya warke, jita-jita ce mai haɗari. Danshin da aka rufe a ciki ba shi da hanyar fita, ruɓa tana ci gaba inda ido ba ya kaiwa. Gam ɗin efoksi, wanda shi ne ya fi kama itace, ba ya kamawa da kyau sai itacen ya bushe sosai. Gyara na gaskiya yana da ɗaci don yana cin lokaci: a sauke jigon, a sassaƙe duk abin da ya yi laushi har a wuce shi kaɗan cikin lafiyayye, a bari ya bushe ko da makonni ne, sannan a sa sabon itace. Idan ƙasan jigon katako ne za a sauya, ba a yanke shi a miƙe a manna. A karkace ake sassaƙa ɓangarorin biyu, tsawon haɗin ya kai kamar sau 12 na kaurin itacen, don gam ya samu faɗin kamawa. A fayiba ma wannan ma'aunin ake bi wajen feƙe bakin ramin.

Zaɓen itace ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan tsofaffin masassaƙa sun fi littafi. Ƙirya da kawo da loko suna jure danshi da gara, maɗaci ma ba laifi. Farin katako mai araha da aka fi samu a kasuwar katako, na rufin ɗaki ne da kwabar siminti. Ko a itace mai kyau, zuciyar ce ke jurewa, farin gefen nan da nan yake ruɓa.

Akwai wata tsohuwar al'ada ta sa tsabar kuɗi a ƙarƙashin jigo. Al'adar gaskiya ce, ta kuma daɗe: a 1962 an tono wani jirgin zamanin Rumawa a Blackfriars da ke Landan, da kwabon Sarki Domitian a cikin ramin jigonsa. Sai dai cewa jan ƙarfen kwabo ɗaya zai hana ruɓa, wannan ba ta tsaya ba. Abin da ke hana ruɓa a wannan rami shi ne ɗan hujin da ake yi masa a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, kuma a riƙa zungure shi kada datti ya toshe.

Ba na ɗaukar wannan magana da sauƙi, saboda abin da muka gani. A watan Mayun 2021 jirgin katako da ya taso daga Borgu zuwa Wara a Jihar Kebbi ya dare biyu da gomman mutane a ciki. A watan Yunin 2023 wani da ya ɗebo 'yan biki daga Jihar Neja ya nutse a yankin Patigi, mutum fiye da 100 suka rasu. Lodi fiye da kima da tafiyar dare da rashin rigar ruwa duk suna da kasonsu, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja ta sha magana a kansu. Amma jirgi ya fi saurin darewa a inda katakonsa ko ƙusarsa suka riga suka gaji, kuma wannan gajiya guduma tana iya jin ta tun jirgin yana kan tudu.

Ga mutanen Tafa da Suleja, lokacin wannan dubawa shi ne rani, kafin guguwar farkon damina ta Afrilu da Mayu. A tone ƙasa kamar taƙi ɗaya kewaye da gindin falwaya ko turken rumfa a zungura. Ƙafar tanki ta bututun ƙarfe da aka dasa cikin siminti, a duba daidai inda ta shiga, a kankare fentin, a ga ko ruwa na kwanciya a wurin. In yana kwanciya, a ɗaga simintin a yi masa gangare zuwa waje, a kuma huda ƙasan bututun don ruwan da ya shiga ta sama ya samu hanyar fita.