Furen da ba domin idonmu aka yi wa ado ba

A makiyayu da gefen hanyoyin Turai akwai wata ciyawa mai yaɗo, 'yar dangin wake da gyaɗa, wadda masana ke kira Vicia cracca. Duk shekara nakan nuna wa ɗalibaina hotuna biyu na furenta. A na farko, furanni ne shunayya jere a gefe guda na kara. Na biyu kuwa an ɗauke shi da kyamarar da ke kama hasken ultrabayolet: launin ya ɓace, inda furen ya shanye hasken ya yi duhu, inda ya mayar da shi ya yi fari.

Idon ɗan Adam yana gani daga kimanin nanomita 400 zuwa 700. Na ƙudan zuma yana sauka har kusan 300, wato cikin wannan haske da aka ɓoye mana. Karl von Frisch, wanda ya sami kyautar Nobel a 1973, ya tabbatar cewa zuma na bambance launi.

Ashe adon fure kira ne ga zuma, mu 'yan kallo ne kawai. Don haka manomin da zai yi feshin magani lokacin da gona ke fure, ya jira yamma, bayan baƙin furen sun koma amya.