Bayani Kan Jarrabawar Baka Ta Cancantar Neman Digirin Digirgir A Jami'o'in Amurka

Iyaye da dama waɗanda 'ya'yansu ke karatun digiri na uku, wato digirin digirgir, a ƙasar Amurka sukan sami saƙo cewa ɗansu ya ci jarrabawar cancanta. Wasu kan ɗauka cewa karatu ya ƙare ke nan, har a fara kiransa dakta ana shirin tarbarsa. Alhali kuwa wannan jarrabawa tsakiyar tafiya ce. An shirya wannan bayani ne domin amfanin iyaye, da dagatai da masu unguwanni, da kuma jami'an ƙananan hukumomi masu kula da harkar tallafin karatu.

Matsayin jarrabawar a cikin karatu

A Amurka, inda Jami'ar Yale ta fara ba da irin wannan digiri a shekarar 1861, karatun ya kasu kashi biyu. A kashi na farko, wanda kan ɗauki shekara 2 zuwa 3, ɗalibi yana shiga aji yana ɗaukar darussa kamar sauran ɗalibai. A kashi na biyu kuma yakan duƙufa ga bincike na ƙashin kansa, ya rubuta kundi mai ɗauke da sabon ilimi. Jarrabawar cancanta ita ce ƙofar da ke tsakanin kasun biyu. Wanda ya ƙetare ta, ya kuma cika sauran sharuɗɗan jami'a, shi ake kira ɗan takarar digirin digirgir. Takara a nan ba irin ta siyasa ba ce, domin ba ya karawa da kowa. Ma'anarta ita ce jami'a ta amince ya isa ya nemi digirin.

Yadda ake gudanar da ita

Kowace jami'a da nata tsarin. Wasu sukan haɗa da jarrabawar rubutu, amma ta baka ita ce ɗalibai suka fi shakka. Ɗalibi yakan zauna shi kaɗai a gaban kwamitin shehunan malamai, yawanci mutum 3 zuwa 5, suna yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Alal misali, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kwamitin ba ya kasa mutum 4, ana kuma tambayar ɗalibi a kan fannoni 3 da ya shirya a kansu, zaman kuwa yakan ɗauki awa 2 zuwa 3.

Abin da malaman ke nema ya wuce hadda. Suna so su ga ko ɗalibi ya san manyan ayyukan da aka yi a fanninsa, ko zai iya kare ra'ayinsa da hujja, ko kuma binciken da yake son yi mai yiwuwa ne. Sau da yawa da gangan sukan matsa masa da tambaya har sai ya kai iyakar saninsa, domin su ga yadda zai yi tunani a inda littafi bai ba da amsa ba. Bayan an gama sai a ce ya fita waje, su shawarta, sa'an nan a kira shi a faɗa masa sakamako.

Abin da ke biyo baya

Wanda ya ci, darussan aji sun ƙare masa, saura bincike da kundi. Wasu jami'o'i, kamar Yale da Columbia, sukan ba shi wani digiri na biyu a wannan mataki. Haka kuma akwai sauƙin kuɗi a wasu wurare: a Jami'ar Kalifoniya ana ɗauke wa ɗan takara ƙarin kuɗin makaranta da baƙi ke biya, har tsawon shekara 3.

Wanda bai ci ba kuwa, galibi sau ɗaya tak ake ba shi damar maimaitawa, bayan 'yan watanni. Idan ya sake faɗuwa, akan sallame shi daga shirin, wani lokaci da digiri na biyu a hannu. Ga baƙo lamarin ya fi tsanani, domin izinin zamansa a ƙasar ya rataya ne a kan ci gaba da zama ɗalibi.

Har ila yau, bayan kammala kundi akwai wani zaman na daban a mafi yawan jami'o'i, inda ɗan takara zai kare abin da ya rubuta. Sai kwamiti ya amince da kundin, jami'a ta tabbatar, sa'an nan ya zama dakta. Gaba ɗaya karatun kan ɗauki shekara 5 zuwa 6, wani lokaci fiye.

Kira ga iyaye da jami'ai

Ana jan hankalin iyaye da 'yan'uwa da su rage wa ɗalibi yawan buƙatu da kiran waya a watannin da yake shirin wannan jarrabawa. Idan ya ci, a taya shi murna, amma a jinkirta kiransa dakta, kada kuma a matsa masa ya dawo gida. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma akwai waɗanda suka ci wannan jarrabawa amma ba su kammala kundi ba.

Su kuma jami'an da ke kula da tallafin karatu, ya kamata su nemi takardar shaida daga jami'ar da ke nuna cewa ɗalibi ya zama ɗan takara, su ajiye ta a cikin fayil ɗinsa. Wannan takarda hujja ce cewa kuɗin da aka kashe bai tafi a banza ba, kuma dalili ce ta ci gaba da tallafi har zuwa ranar da zai miƙa kundinsa.