Ƙafar Tebur Mai Tsini: Aikin Awo Ne Kafin Ya Zama Aikin Inji

Duk wanda ya ratsa kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, zai lura cewa yayin kujeru masu jibga-jibgan ƙafafu ya fara ja da baya. Masu saye da dama yanzu tebur suke nema mai siririyar ƙafa mulmulalliya, kauri a sama, tana tsukewa a hankali har ƙasa. Ƙananan kafintoci da yawa sun ɗauka irin wannan ƙafa ba ta samuwa sai da injin juya katako, don haka ko dai su kai wa mai inji ya cinye rabin ribar, ko su ce wa mai aiki ba su iya ba. Masu saye ma kan ɗauka duk ƙafar da ba ta hau inji ba aikin maneji ce. Dukansu sun yi kuskure. Abin da ke fitar da da'ira da tsini a jikin katako awo ne; inji sauri kawai yake ƙarawa.

Hujja ta farko tana cikin gidajenmu. Taɓarya mulmulalliya ce, siririya a tsakiya, mai kauri a kawuna biyu, kuma masassaƙan ƙasar Hausa da gatari da gizago suke fitar da ita tun kaka da kakanni. Haka ƙotar fartanya, haka ƙafafun kujerun Nufawan Bida da ake sassaƙawa daga kututture guda. A nan Yankin Babban Birnin Tarayya ma akwai misali daga wata sana'ar: Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shahara da gina tukwane masu daidaitacciyar da'ira da hannu tun kafin ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, a garin da yau ake kira Suleja. Bambancin kafinta da masassaƙi shi ne, masassaƙi ido yake bi, shi kuwa kafinta yana bukatar ƙafafu huɗu su fito kamar an tsaga kara. Wannan kuwa lissafi ya riga ya warware shi.

Dabarar ita ce a riƙa ninka yawan gefuna har kusurwa ta ɓace: daga huɗu zuwa takwas, daga takwas zuwa goma sha shida. Mu ɗauki ƙafar teburin cin abinci mai tsawon santimita 72, mai kaurin milimita 48 a sama da milimita 24 a ƙasa. Ana fara da katako mai gefe huɗu daidai wa daida. A ƙarshen da zai taka ƙasa a gano tsakiya, a zana ƙaramin murabba'i mai milimita 24, a ja layuka miƙaƙƙu daga nan zuwa sama, a rage da zarto, a gyara da magogin hannu. Yanzu an sami tsini, amma har yanzu gefe huɗu ne. Sai a raba faɗin kowane gefe kashi 24, a bar kashi 7 a hagu, 10 a tsakiya, 7 a dama. A ƙasa ke nan milimita 7 da 10 da 7, a sama kuwa 14 da 20 da 14. A haɗa alamomin da rula da fensir, a kwantar da ƙafar cikin wani katako da aka yi wa tsagi mai siffar harafin V don kada ta mirgina, a goge kowace kusurwa har a taɓa layi. Abin da zai fito gefe takwas ne masu faɗi ɗaya. Wannan rabo ba sabo ba ne. Da shi masu ƙera jiragen ruwa na katako a Turai da Amurka suke mulmula dogayen sandunan da ke riƙe filafilai, waɗanda tsawonsu ya fi ƙarfin injin juyi na shago.

Lissafin ne ke nuna dalilin da aikin ba ya da wuya kamar yadda ake zato. A katako mai gefe huɗu da kaurin milimita 48, kusurwa ta zarce da'irar da ake nema da kusan milimita 10. Da zarar an mai da shi gefe takwas, abin da ya rage bai fi milimita 2 ba. In aka sake shafe waɗannan kusurwoyi takwas, gefuna suka zama goma sha shida, saura bai kai rabin milimita ba, abin da samfefa za ta cinye cikin ɗan lokaci. Ana yanka samfefar ta yi tsawo, a lanƙwasa ta a jikin ƙafar, a riƙa ja hagu da dama kamar yadda mai gyaran takalmi ke jan ƙyalle, ana jujjuya ƙafar, sannan a ƙarasa da bin tsawon jijiyar itacen don kada zane ya fito bayan an shafa fenti. Mai hikima yakan ƙirga yawan gugar da ya yi wa kowace kusurwa ya maimaita a sauran, ya kuma yanka rabin da'ira a kwali mai kauri yana gwadawa a sama da tsakiya da ƙasa. In ƙafar za ta haɗu da katakon da ke ɗauke da saman tebur, a bar santimita 10 na sama da gefensa huɗu, a kuma huda ramin haɗin tun kafin a fara tsini, domin bayan an mulmula babu sauran miƙaƙƙen gefe da za a auna daga gare shi.

Za a ce wannan ɓata lokaci ne, kuma lokaci kuɗi ne. Gaskiya ne ga wanda aka ba kwangilar kujeru ɗari biyu na otal ko makaranta. Shi kam ya nemi inji, ko ya kai masana'antun Idu. Amma yawancin aikin ƙaramin kafinta tebur ɗaya ne ko kujeru shida, kuma a nan lissafin ya sauya. A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, waɗanda ba sa cikin rukunin kuwa wutar ba ta zama, dole su koma ga janareta, ga kuma tsadar fetur tun cire tallafi a watan Mayun 2023. In aka haɗa kuɗin mai inji, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da jiran layi, da ranar da aka ɗauke wuta, sau da yawa wanda ya tsaya a bencinsa ya riga kammalawa.

Wasu kuma za su ce ƙafar hannu ba ta kai ta inji ƙarfi da daidaito ba. Ƙarfin ƙafa yana ga itacen da kuma haɗin. In jijiyar itace ta karkace ta fita ta gefe, siririyar ƙafa za ta karye ko wane ne ya yi ta, don haka zaɓen katako a kasuwar Dei-Dei ya fi muhimmanci: a nemi madaci ko loko mai miƙaƙƙiyar jijiya, marar kulli, wanda ya bushe sarai. Ɗanyen katako ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare, saboda haka ƙafar da aka mulmula da damina da jiƙaƙƙen itace takan ɓaci da zuwan hunturu, ta koma siffar ƙwai, haɗinta ya yi sako-sako, ko da a inji mafi tsada aka juya ta. Game da daidaito kuwa, ɗan bambancin da bai kai milimita ɗaya ba tsakanin ƙafafun da ke nesa da juna ido ba ya kama shi. Abin da ido ke kamawa shi ne tsawo da karkata, kuma waɗannan awo ne ke tsare su.

Akwai dai inda hannu ya kamata ya sallama. Ƙafa mai ado, mai zobba da ƙulle-ƙulle da wuyan tulu, aikin inji ce, wanda ya ce zai yi ta da magagari zai wahala a banza. Abin da ba shi da kyau shi ne maganin da wasu ke ƙirƙira, na ɗaure katako a bakin injin huda suna kanga masa ƙarfe. In katakon ya kuɓuce, fuska ko yatsu yake nema. Masu koyar da yara kafinta a shaguna da makarantun koyon sana'a su sa wannan rabo na 7 da 10 da 7 cikin darussan farko, domin yaron da ya iya fitar da gefe takwas da hannu ya koyi karanta itace da riƙe layi, ko daga baya ya sami inji zai fi amfana da shi. Mai saye kuma ya daina tambayar ko ƙafa ta hau inji. Ya tambayi wane itace ne, ya bushe ko bai bushe ba, kuma da me aka haɗa ta.