Sa'ad da Baba Ya Ture Kwanon Kunu

A gidajenmu da yawa an yi wannan rigima. Tsoho ya daɗe a kwance, ya fara ture kwanon kunu, sai 'ya'ya su taru, wannan ya riƙe masa kai, wancan ya ɗura masa da cokali. In ya rasu kuma, sai a ce matar ɗansa ce ta bar shi da yunwa, ko kuwa a ce sammu ne. Mun ga zumunci ya tsinke a kan wannan, alhali kuwa jiki ne kawai ya bi hanyarsa.

Sa'ad da mutum ya kusa ƙarshe, cikinsa yakan rage aiki, ba ya jin yunwa kamar dā. Ciwon ne ya raba shi da ci. Maƙogwaro ma ya yi rauni, saboda haka abin da aka ɗura da ƙarfi yana iya shaƙe shi, ya faɗa huhu. Gara a jiƙa tsumma mai tsabta a riƙa shafa masa a baki, a sa ɗan man kaɗanya a leɓe. Amma fa a lura, muna maganar wanda likita ya riga ya ce ciwonsa ya fi ƙarfin magani. Tsohon da ya bar ci farat ɗaya ba a san dalili ba, asibiti za a kai shi.

Barci yakan yi yawa, fitsari ya ragu ya yi duhu, hannu da ƙafa su yi sanyi domin jini ya koma wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. Wani sai ya riƙa kiran iyayensa da suka mutu tuntuni. Kada a yi gardama da shi. Wani kuma yakan farfaɗo yini guda, ya nemi shayi, ya gane kowa, har a aika gari gari cewa ya sami sauƙi, kashegari kuwa ya tafi.

Numfashi ne ya fi tsoratar da mu. Yakan yi sauri, ya tsaya kamar daƙiƙa 10 zuwa 30, sa'an nan ya sake tashi. Kakarin da ake ji kuwa yawu ne da ya kāsa haɗiyewa, ya fi damun masu jinya bisa ga mai ciwon. A juya shi a gefe, a ɗan tā da kansa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar British Columbia ta Kanada a 2020 ya nuna ƙwaƙwalwar waɗansu masu baƙin mutuwa tana amsa sauti ko bayan sun daina magana. Don haka maganar gona da gādo a fita da ita waje. A kunnensa a ce, “Baba, ga mu nan duka,” a yi addu'a, a rera waƙar da yake so.

Bayan rai ya fita, gaɓoɓi sukan fara sandarewa cikin 'yan sa'o'i, da sauri ma a lokacin bazara. A rufe masa ido, a ɗaure haɓa da ƙyalle, a miƙe ƙafafu tun da wuri.

To, sai jikin waɗanda aka bari. Rashin barci, nauyin ƙirji, mantuwa, ƙin abinci, duk na makoki ne. Mu da muke koyarwa mun sha ganin yaro mai ƙoƙari ya koma baya a aji bayan rasuwar uwarsa, ana ta dukansa wai ragonci. Mutane da yawa sukan ji kamar muryar Inna tana kiransu daga madafi, su ɓoye don kada a ce fatalwa ce. Abu ne sananne, yakan ragu da kansa. Kada kuma mu hana maza kuka. Farawa sura 50 ta nuna Yusufu, mai mulkin Masar, ya yi wa Yakubu makoki na kwana 7, bayan kwana 70 da Masarawa suka yi.

Wahalar takan fara ne bayan an naɗe tabarmi, masu gaisuwa sun watse. A nan ne Zumuntar Mata da dattawan ekklisiya ya kamata su koma gidan, ba sai da wa'azi ba, ko da ɗan tuwo a kwano. In kuwa an wuce wata 6 mutum bai iya komawa gona ko aiki ba, ko yana cewa gara ya bi Baba, a raka shi wurin likita. Mai wannan magana ta ƙarshe, ko kwana ɗaya kada a jira.