Jego: abin da za mu riƙe da abin da za mu bari

Ƴan uwa mata, daga Gazawa zuwa Agye har Gidan Runji, idan mace ta haihu ba a barin ta ita kaɗai. Uwa ko kaka ta zo, a hura wuta, a dafa ruwa, a ɗauke mata daka da zuwa rijiya har kwana 40. Ba mu kaɗai muke haka ba. A ƙasar Sin mai jego takan yi wata guda cikin ɗaki tana hutawa, a Meziko kuma kwana 40 suke ƙirgawa kamar mu. Wannan hutu gado ne mai kyau, jiki yana bukatar sa.

Sai dai cikin gadon akwai abin dubawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciya yana yawan kama masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciya kan gado mai zafi. Kanwa gishiri gare ta, tana tara ruwa a jiki, zuciya ta gaji. Idan mai jego ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, kar a ce sanyi ne a ƙara mata kanwa. A kai ta likita ranar nan.

Haka dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar. Shi ne kariyar farko ta jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla wata 6, ba ruwa ba jiƙo.

To, wa zai faɗi wannan a gida? Mai haihuwar fari kunya ba ta barin ta musa wa uwar miji. Amma uwar mijin nan tana zaune da mu kan tabarma ranar zubi. Asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi ya soma a 1991, kuma tun lokacin mun saba shawara tare.

A zama mai zuwa, bayan an rufe akwati, mu ɗauko maganar. Mu ware wani abu cikin kuɗin taimako domin kuɗin mota zuwa likita, mu kuma sa mace biyu su riƙa leƙa kowace mai jego a makon farko. Allah ya raya mana, ya ba masu jego lafiya.